Lambar Shaidar Fayil: Yadda Muke Gane Albashin da Aka Sa wa Hannu Shi Ne Ya Isa Banki



Kwamitin shirya taro ya nemi in ɗan yi bayani a kan aikin da nake yi a gwamnati, ya kuma ja mini kunne da kada in cika ku da Turancin kwamfuta. To, zan yi iyakar ƙoƙarina. Ba zan ɗauko aikin duka ba. Abu guda na zaɓa, ƙarami, wanda ba ya cin minti biyu a wata, amma albashin dubban mutane da fanshon tsofaffi suna rataye a kansa. Mafi yawanmu a zauren nan ma'aikata ne, malamanmu kuwa da dama 'yan fansho ne, saboda haka maganar ta shafi aljihun kusan kowa.

Ga tambayar. A da, idan an gama haɗa albashi, takarda ce ake bugawa, akanta ya duba, mai binciken kuɗi ya duba, babban jami'i ya sa hannu, masinja ya ɗauka ya kai. Wanda ya kankare wata lamba da reza ko ya shafa farin fenti, ido zai gani. Daga watan Janairu na 2009 Gwamnatin Tarayya ta daina biya da cek, ta koma tura kuɗi kai tsaye cikin asusun mutane, jihohi da dama kuma suka bi sahu. Yanzu abin da ke tafiya banki fayil ne na kwamfuta. Har yanzu ana sa hannu a takarda, amma ba takardar ke biyan kuɗin ba, fayil ɗin ne. Shi kuwa fayil ba ya nuna kankara. A canza lambar asusu guda a cikin layi dubu ashirin, a adana, ba tabo ba alama. To, ta yaya wanda ya sa hannu zai san abin da ya amince da shi shi ne banki ya biya?

Amsar ta faro ne daga wani abu da wasunmu suka koya a ajin lissafi, wato gwada amsa ta hanyar fitar da tara. Malamanmu na lissafi suna nan zaune, in na kauce su gyara mini. A ce ka tara 3,482 da 1,759 ka sami 5,241. Sai ka haɗa alƙaluman lambar farko: 3 da 4 da 8 da 2, 17 ke nan, 1 da 7 kuma 8. Ta biyu ta ba ka 22, wato 4. Haɗa 8 da 4 ka sami 12, wato 3. Ka juya kan amsarka, 5 da 2 da 4 da 1, 12 ne, wato 3. Sun yi daidai, hankalinka ya kwanta. Abin da ka yi shi ne ka matse doguwar lamba ta koma alƙalami guda wanda ke tsaya mata shaida. Amma wannan shaida mai rauni ce. Da ka rubuta 5,421 maimakon 5,241, da 3 ɗin za ka samu, kuskuren ya wuce abinsa.

Wannan dabara tana cikin aljihunku yanzu haka. Lambar asusun banki mai alƙaluma 10, wadda Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarinta a 2010, alƙalaminta na ƙarshe ba na jeri ba ne, lissafo shi ake yi daga lambar bankin da sauran taran. Haka ma alƙalamin ƙarshe na katin cirar kuɗi, wanda ake lissafawa da dabarar wani injiniyan kamfanin IBM mai suna Hans Peter Luhn. Tsofaffin akantoci ma suna da tasu. Sukan tara lambobin asusun da ke cikin jadawali gaba ɗaya, jimillar da ba ta nufin komai, don kawai wanda ya karɓa ya sake tarawa ya gani ko ta fito daidai. Ita ma tana kama kuskuren hannu, amma ba ta kama mai wayo. Wanda ya musanya albashin darakta da na masinja bai taɓa jimilla ko ɗaya ba.

Abin da muke amfani da shi a yau jikan waɗannan ne, sai dai ya fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Ma'aikatan kwamfuta suna ce masa hash, ni kuwa a jawabin nan zan kira shi lambar shaida. Kowane fayil, ko rubutu ne ko hoto, a wurin kwamfuta jerin ƙananan lambobi ne daga 0 zuwa 255, kowace ɗaya ana ce mata bayit. Hanyar da ake kira SHA-256, wadda hukumar ma'auni ta Amurka ta fitar a 2001, tana yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa bayit 64. Ku ɗauka tuƙin tuwo ne. Ana farawa da tukunya mai lambobi takwas a ciki, a zuba gunduwar farko, a tuƙa sau 64, sa'an nan a zuba ta biyu a kan abin da ya samu, a sake tuƙawa sau 64, haka har ƙarshen fayil, inda ake zuba tsawon fayil ɗin shi ma. Abin da ya rage a tukunya shi ne lambar shaida. Ana rubuta ta da alamomi 64, daga 0 zuwa 9 da kuma a zuwa f. Fayil mai layi ɗaya da fayil mai layi miliyan, duka alamomi 64 za su ba ka.

Malamanmu na lissafi za su ji daɗin wannan: lambobi takwas ɗin da ake farawa da su ba wani ne ya zaɓe su da ka ba. An ɗauko su ne daga lambobin da ba sa rabuwa sai da kansu da ɗaya, takwas na farko, wato 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17 da 19. Kowace aka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da ita, aka ɗebi abin da ke bayan ɗigo. An yi haka ne don kowa ya iya lissafowa da kansa, kada a zargi masu tsarin da ɓoye wata ƙofa a ciki.

Halaye uku ne suka sa ta zama abin dogaro. Fayil iri ɗaya, a kowace kwamfuta a duniya, yau ko baɗi, lamba ɗaya zai bayar. Canza ko da waƙafi guda kuwa, ba ƙarshen lambar ne kawai zai motsa ba, gaba ɗayanta za ta rikiɗe, har ba za ka ce fayilolin sun taɓa haɗa hanya ba. Sa'an nan ba a komawa baya. Kamar yadda ba a mai da tuwo ya koma tsabar dawa, haka ba a fitar da fayil daga lambarsa, kuma mutum ba zai iya zama ya ƙera wani fayil dabam da zai ba da lambar da yake so ba. Yawan lambobin da za su iya fitowa, in za a rubuta shi, sai an jera alƙaluma 78.

Yanzu bari in kawo ku ɗakin da nake aiki. Na'urar da ke riƙe da bayanan albashinmu ba irin kwamfutar tebur ba ce, kuma ba ta kai manya-manyan na'urorin nan na manyan bankunan duniya ba. Matsakaiciya ce, irin wadda aka ƙera don harkar kasuwanci, uwar garke da mutane da yawa ke aiki a kanta lokaci guda. Kamfanin IBM ne ya fito da ita a watan Yuni na 1988 da sunan AS/400, daga masana'antarsa ta garin Rochester a jihar Minnesota ta Amurka. An yi ta sauya mata suna, ta zama iSeries a 2000, ta zama System i a 2006, daga 2008 kuma manhajar da ke tafiyar da ita ake kira IBM i, tana gudana a kan injunan Power. Amma tsofaffin ma'aikata har gobe AS/400 suke cewa, kamar dai yadda muke kiran ɗakunan kwananmu na makaranta da tsofaffin sunayensu ko da an canza allo. Bankuna da kamfanonin inshora da manyan dillalai a ƙasashe da yawa suna aiki da ita. In kun taɓa leƙa bayan kanta kuka ga allo baƙi da koren rubutu, ba hoto ba ado, mai yiwuwa ita ce ko 'yar uwarta.

Na'ura ce mai haƙuri da juriya, amma tana da wani hali da ke rikita duk wanda ya zo lissafa lambar shaida a kanta, kuma a nan ne nake so in ɗan daɗe. Ba harshe ɗaya take ji da sauran kwamfutoci ba. Na ce muku komai a wurin kwamfuta lamba ne, to, harafi ma lamba ne. Kwamfutar teburinku da wayar hannunku suna bin tsarin da ya samo asali daga ASCII, inda babban harafin A yake 65. Wannan na'ura kuwa, a rumbun bayananta, tsarin IBM take bi mai suna EBCDIC, inda A yake 193. Sifiri a can 48 ne, a nan 240. Ko filin da ke tsakanin kalma da kalma, a can 32, a nan 64. Ke nan suna ɗaya, albashi ɗaya, ido ya ga abu ɗaya a allo, amma a ciki bayit-bayit ɗin sun sha bamban. Lambar shaida kuwa ba ta karanta ma'ana, bayit take ci. Idan ka lissafa ta a kan bayanan tun suna cikin harshen na'urarmu, banki kuma ya lissafa bayan an fassara, har abada ba za ku daidaita ba, alhali ba wanda ya taɓa ko kwabo.

Ba nan abin ya tsaya ba. Adadin kuɗi a rumbun wannan na'ura galibi a dunƙule ake ajiye shi, alƙaluma biyu cikin bayit ɗaya, sai an warware shi kafin wata kwamfuta ta karanta. Layukan jadawalinta kuma tsawonsu ɗaya ne, ana cike ragowar da fili, ba su da alamar ƙarshen layi. Su ma sauran kwamfutocin ba su daidaita a kan wannan alama ba: Windows tana rufe layi da bayit biyu, 13 da 10, Linux kuwa da 10 kaɗai. Tsohuwar hanyar tura fayil da ake kira FTP tana da yanayi biyu, na rubutu da na tsantsa. A yanayin rubutu, don ta taimaka maka, sai ta fassara haruffa ta gyara ƙarshen layi a kan hanya ba tare da ta tambaye ka ba. Duk waɗannan suna canza lambar shaida.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu mu masu rubuta Hausa. Kowane fayil a wannan na'ura yana ɗauke da wata lamba da ke faɗin tsarin haruffansa. Lamba 37 ita ce EBCDIC irin na Amurka, 1208 ita ce UTF-8 da duniya ta fi amfani da shi yanzu, 65535 kuma tana nufin kada a fassara komai. A tsarin 37 babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ma alamar naira. UTF-8 yana da su, kowane harafi mai lanƙwasa bayit biyu. Saboda haka in aka rubuta Ɗambatta ko Ƙaura Namoda da lanƙwasarsu aka tura cikin jadawali mai lamba 37, wata alama ce za ta maye gurbin harafin, kuma in ta maye ba ya dawowa. Ita wannan lamba ta tsarin haruffa kamar takardar da aka liƙa a jikin buhu ce. Kana iya canza takardar, rubutun ya hargitse a allo, amma lambar shaida ba za ta motsa ba, domin abin da ke cikin buhun bai canza ba.

To, yaya ake yi? Ƙa'idar ita ce a gama duk wata fassara tukuna, sa'an nan a lissafa, bayan nan kuma kada kowa ya sake taɓa fayil ɗin. Tun tsakiyar shekarun 1990 na'urar take da wani sashe da ake kira IFS, inda fayiloli ke zama cikin jakunkuna kamar a kowace kwamfuta. Da umarnin CPYTOIMPF muke kwafo jadawalin albashi daga rumbu zuwa wannan sashe, mu faɗa masa tsarin haruffan da banki ke so da irin alamar ƙarshen layi. Fayil ɗin da ya fito, shi ne zai yi tafiya, shi ne kuma za a yi wa shaida. Sai mu shiga wani ɗaki na na'urar da ake kira PASE, ta hanyar rubuta CALL QP2TERM, mu ba da umarni layi guda:

openssl dgst -sha256 /home/albashi/yuli.csv

Kafin ka ɗauke hannu ta fito maka da sunan fayil da alamomi 64. Manhajar OpenSSL tana zuwa ne cikin wani ƙunshin kayan aiki na IBM mai lamba 5733-SC1, wanda yawancin wurare sun riga sun ɗora. Masu rubuta manhaja da ke son abin ya riƙa faruwa da kansa a ƙarshen haɗa albashi suna da wata ƙofa da IBM ya tanada mai suna Qc3CalculateHash, wadda ake kira daga cikin shirin RPG ko COBOL. Gargaɗi ɗaya ga masu sana'ar da ke cikinmu: ku miƙa wa openssl sunan fayil kai tsaye. In kuka bi da shi ta umarnin cat na Qshell, yana iya fassara haruffan a hanya, ku sami shaidar abin da ba shi ne a ajiye ba. Haka kuma in fayil ɗin ajiya ne irin na SAVF, ku sani yana ɗauke da lokacin da aka yi ajiyar, saboda haka ajiya biyu na abu ɗaya ba za su ba da lamba ɗaya ba. Wanda aka tura, shi za a lissafa.

Daga nan sai a tura fayil a yanayin tsantsa. Jami'in banki ba ya bukatar sayen komai. In Windows gare shi, ya rubuta certutil -hashfile yuli.csv SHA256, in Linux ce kuma sha256sum. Ya kwatanta da tamu. In sun dace, bayit ɗaya bai canza ba tsakanin ɗakinmu da teburinsa.

Akwai wani ƙarshen wata da lambobin suka ƙi dacewa. Ana gab da sallah, ma'aikata sun ƙosa, waya ba ta daina ƙara ba. Jimillar kuɗi ta yi daidai, yawan layuka ya yi daidai, aka buɗe fayil ɗin a can da nan, ido bai ga bambanci ba. Wasu manya suka ce ai kwamfuta ce da rigimarta, a biya kawai. Ƙa'idar ofishinmu kuwa ta hana, sai aka tsaya bincike. Ashe wani jami'i ne a hanya ya buɗe fayil ɗin da manhajar jadawali don ya duba, da zai rufe ta tambaye shi ko a adana, ya ce e. Irin wannan manhaja tana ɗaukar lambar asusu a matsayin adadi, adadi kuwa ba ya farawa da sifiri, sai ta share. Duk wanda lambar asusunsa ta fara da sifiri, ta koma alƙaluma tara ko takwas. Ba sata ba ce, ba kuma mugunta ba, amma da an biya a haka da mutane da yawa sun yi sallah ba albashi, a bar su da zaryar banki da rubuta takardar koke. Aka sake tura na asali, lambobi suka dace, aka biya a daren.

Sai dai kada in bar ku da zaton kowace lambar shaida ce abin dogaro. Kafin SHA-256 akwai MD5, wadda Ronald Rivest ya tsara a 1991, mai alamomi 32. Ta yi zamani sosai, har yanzu za ku gan ta a tsofaffin takardun ofis. A 2004 wata masaniyar lissafi 'yar ƙasar Sin, Wang Xiaoyun, da abokan aikinta suka nuna yadda za a ƙera fayiloli biyu mabambanta masu lambar MD5 ɗaya. A 2012 aka gano wata manhajar leƙen asiri mai suna Flame da ta yi amfani da wannan rauni ta ƙirƙiri takardar shaidar bogi da ta yi kama da ta kamfanin Microsoft. SHA-1 ta 1995, mai alamomi 40, ita ma ta bi sahu: a watan Fabrairu na 2017 masu bincike na Google da na cibiyar CWI ta Amsterdam suka fito da takardun PDF biyu, abin da ke cikinsu dabam, lambarsu ɗaya. Ku lura da abin da wannan ke nufi ga albashi. Wanda ke haɗa fayil zai iya shirya biyu tun farko, mai tsabta da mai datti, ya kai mai tsabta a sa hannu, ya tura ɗayan. Don gano ko fayil ya lalace a hanya, MD5 tana iya aiki har yanzu. Inda kuɗin jama'a yake kuwa, ra'ayina shi ne a daina karɓarta sam. SHA-256 ba a nuna irin wannan karo a kanta ba, kuma wahalar lissafa su ɗaya ce.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci, kuma shi aka fi sakaci da shi. Lambar shaida ba sa hannu ba ce. Kowa yana iya lissafa ta, har da ɓarawo. In fayil da lambarsa suka tafi cikin saƙon imel ɗaya, wanda ya tare saƙon zai canza fayil, ya lissafa sabuwar lamba, ya aika su tare, kuma za su dace sarai. Wannan ya taɓa faruwa a bainar jama'a. A watan Fabrairu na 2016 aka kutsa shafin manhajar Linux Mint, aka sa gurɓatacciyar manhaja a madadin ta gaskiya, aka kuma canza lambar shaidar da ke shafin don ta dace da ita. Saboda haka dole lambar ta bi wata hanya dabam da wadda fayil ya bi. Mu a wurinmu ana buga ta ne a jikin takardar umarnin biya, a ƙarƙashin jimillar kuɗi, kafin masu sa hannu su sa. Takarda ta bi ta hannun masinja, fayil ya bi ta waya. Ta haka sa hannun da ke kan takarda ya zama ya hau kan fayil ɗin ma. Akwai hanyoyin da suka fi wannan, kamar HMAC, inda ake cuɗa wata kalmar sirri da ɓangarorin biyu kaɗai suka sani cikin lissafin, ko kuma sa hannu na lantarki. Amma inda ba a kai can ba, takarda da biro suna yin aikin.

'Yan uwa masu aikin binciken kuɗi, na ga da yawanku a nan, ku ne wannan ya fi yi wa amfani, kuma ku ne ya kamata ku san iyakarsa. Lambar shaida ba ta san gaskiya ba, abin da aka ba ta take riƙewa. In ma'aikacin bogi ya shiga jadawali tun kafin a lissafa, za ta raka shi har banki lafiya lau. Abin da take yi shi ne ta tsaga lokaci gida biyu, kafin sa hannu da bayan sa hannu. In lambobi sun dace kuma aka sami ɓarna, to, ɓarnar daga cikin gida take, kada a ɗora wa banki ko hanya. In ba su dace ba, a nemi wanda fayil ya bi ta hannunsa bayan ya fita. Shi ya sa tambayoyin da suka kamata ku yi su ne: wa ya lissafa, yaushe, kuma fayil ɗin da aka lissafa shi ne wanda kuka duba? Bai kamata wanda ya haɗa albashi ya zama shi kaɗai ne mai lissafa lambar ba. Ku karɓi kwafi, ku duba, ku lissafa da hannunku a kwamfutarku. Ku kuma nemi a riƙa ajiye lambar kowane wata a rijista. Bayan shekara biyar, in ana shari'a aka kawo muku fayil aka ce shi ne na watan Yulin wancan lokaci, minti ɗaya ya isa ku gane ko shi ne.

Wajen kwatantawa, kada a duba alamomi huɗun farko da huɗun ƙarshe a ce ya isa. A sa kwamfuta ta kwatanta duka 64, ko mutum biyu su zauna, ɗaya na karantawa huɗu-huɗu ɗaya na bi da biro. Babban harafi da ƙarami ba bambanci ba ne a nan, umarnin Get-FileHash na Windows da manya yake rubutawa, openssl kuwa da ƙanana. In kuma kuka ga lamba ta fara da e3b0c442, kada ku yi murna don ta dace da ta abokin aikinku. Wannan ita ce shaidar fayil da babu komai a cikinsa, kwafin ne bai yiwu ba.

Tun da malamanmu sun saba ba mu aikin gida, yau bari in rama. Duk mai kwamfuta, in ya koma, ya buɗe Notepad ya rubuta ƙananan haruffa uku, abc, kada ya danna komai bayansu, ya adana da sunan gwaji.txt. Ya duba ya tabbata girman fayil ɗin bayit 3 ne. Sa'an nan ya buɗe tagar umarni a jakar da fayil ɗin yake, ya rubuta certutil -hashfile gwaji.txt SHA256. Lambar da zai gani za ta fara da ba7816bf, ta ƙare da f20015ad. Daga nan ya sake buɗe fayil ɗin, ya ƙara fili guda bayan c, wanda ido ba zai gani ba, ya adana, ya sake lissafawa, ya ga abin da zai fito.

Shugaba, na ga kana duban agogo, a nan zan dakata.